Dokar Haraji ta 1906 da Yadda Aka Yanka Gundumomin Kano

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki. Garuruwan kowannensu a warwatse suke, wani gabas wani yamma, jakadu ne ke zagayawa su karɓo zakka da kuɗin ƙasa da kuɗin karofi da jangali.

Dokar da gwamnatin Lugard ta kafa a 1906 ta tattara yawancin waɗannan ta mayar da su haraji guda, aka bar jangali a kan shanu. Ƙa'idarta ita ce a ƙiyasta arzikin kowane gari, a ɗora masa kuɗin da zai biya a shekara, dagaci ya raba wa masu gida. A manyan masarautu, rabin abin da aka tara na gwamnati ne, rabi na Sarki da mutanensa. Daga baya aka buɗe Baitulmali, rabin Sarki ya koma can, Sarki da hakimai suka koma kan albashi.

To, ba a ƙiyasta arzikin ƙasar da ba a san iyakarta ba. Shi ya sa a zamanin Sarki Abbas aka haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka aka yi gundumomi, aka kori jakadu, aka ce kowane hakimi ya fita birni ya tare a ƙasarsa. Razdan Cargill, babban jami'in Turawa a Kano, shi ne ya matsa a kan haka, har Kanawa suka laƙaba masa Mai Gunduma. Daga nan jami'in Turawa kan shiga gunduma ya rubuta rafukanta da irin ƙasar nomanta, ya ƙirga magidanta da dabbobi da masu sana'a.

A gundumomin da ke kewaye da birni, inda jama'a ta yi yawa, an bi tsarin taki: malamai su auna gona da takun ƙafa, a yanka kuɗi gwargwadon faɗinta. A takarda adalci ne. A gona kuwa, manomi na hannun malamin da ya yi awon, kuma ko damina ta yi gardama faɗin gona bai ragu ba. Wannan ne ya fi ci mini rai a dokar. Ga shi kuma sannu a hankali an daina karɓar kuɗin wuri da hatsi, sai kuɗin Bature, abin da ya ƙara tura talaka noman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Harajin ya wuce zamanin Turawa da kusan shekara ashirin, sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a Jihar Kano.