Ku fitar da kwalbar miyar nan daga cikin kabad

Iyayena mata da ƙannena, bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a ɗakin awo, shi ya sa na ce bari in rubuta. Tun bayan Sallar layya ake kawo mana yara da amai da gudawa, kuma ba sau ɗaya ba, idan na bi diddigi sai in tarar da kwalba a gidan. Kwalbar mayonez ce aka wanke, aka cika da miyar nama da tumatir, aka murɗe murfi, aka dafa cikin ruwan zafi, aka jera a kabad. Wai an gani a bidiyon da ake turawa a WhatsApp.

Na san abin da ya kai ku. Gawayi ya yi tsada, yara suna tasowa makaranta da yunwa, ke kuma kina kasuwa tun safe. Wa zai ƙi ya buɗe kwalba, ya juye a kan taliya ko shinkafa, cikin minti goma kowa ya ci? Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari, firji ya koma akwatin ajiye kwanuka. Ban ga laifinku a neman sauƙi ba. Abin da nake faɗa a kai shi ne miyar nama a rufaffiyar kwalba cikin ɗaki, a zafin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, inda a watan Maris da Afrilu ake wuce digiri 40.

Gudawa ma ita ce mai sauƙin. Abin da ke hana ni barci wata ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, likitoci na ce mata Clostridium botulinum. Ba ta son iska, ba ta son tsami, tana son nama da danshi, wato kwalbar nan taki ɗakin amarya kika shirya mata. Tafasa ba ta kashe irinta. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ko ki kwana kina tura itace ba zai wuce nan ba, a Gaundare ma da ke kan tudu bai kai hakan ba. Ita kuwa sai an kai wajen digiri 120. Bafaranshen da ya fito da dabarar adana abinci a kwalba, Nicolas Appert, ya wallafa ta tun 1810, amma a baya aka gano cewa nama sai da tukunya ta musamman mai matse tururi, mai ma'auni a murfinta, kuma miyar nama takan ɗauki awa guda ko fiye a ciki. Ke kina da ita? A duk gidajen da nake shiga ban taɓa cin karo da ita ba. Ƙaramar tukunyar tururin da kike dafa wake ko ƙafar sa ba ita ake nufi ba.

Wata ta ce min: "Ai Malama, na zuba tumatir da yawa, tsami ne da shi." Hajiya, da zarar nama da albasa da tattasai sun shiga, tsamin tumatirin nan bai isa ya tsare komai ba. Wata kuma ta ce ta malala mai a sama. Man nan iska yake tarewa, ita kuwa ƙwayar abin da take nema ke nan.

Sai kuma halin nan da ya fi ɓata min rai: a buɗe kwalba, a sansana, a lasa da yatsa, a ce lafiya lau take. Ku daina! Gubar da ƙwayar nan ke fitarwa tana iya kasancewa a miyar da ba ta yi wari ba, ba ta canja kala ba, kuma lasa ɗaya ta isa ta kwantar da babba, balle yaro. Hancinki ba ma'auni ba ne. Na faɗa a wurin awo, na faɗa a gidan suna, ga shi ina ƙara faɗa.

Alamunta ba irin na ɓacin ciki da kuka saba ba ne. Yawanci tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, mutum zai fara gani dishi-dishi ko bibbiyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, haɗiya ta gagara, magana ta sarƙe, sannan kasala ta gangaro zuwa hannuwa da ƙirji. Babu zazzaɓi, shi ya sa ake cewa iska ce ko sammu, a tsaya hayaƙi da rubutu har numfashi ya fara gagara. Don Allah a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. A tafi da duk wanda ya ci daga kwanon, a riƙo kwalbar a ƙulle cikin leda.

Abin yi a taƙaice:

- Miya ta dahu, kada ta wuce awa 2 a waje.
- A firji kwana 3 zuwa 4. Mai son ta daɗe ta raba ƙanana ta sa a firiza, in dai wutar unguwarku tana tsayawa.
- Duk abin da aka ajiye a firji ko firiza, a sake tafasa shi sosai, minti 10, kafin a ci.
- Gwangwanin kanti da ya kumbura ko yake yoyo, kada a buɗe.

Wadda ba ta da firiza ta koma wa abin da ta tarar a gidansu. Kilishi yana nan, dambun nama yana nan, ga suyar layya da ake yi har naman ya bushe ƙayau. Ki soya naman daban, ki ajiye busasshen tumatir da kuɓewa da kuka, ranar da kike sauri miya ba za ta ci miki rabin awa ba.

Kwalaben da ke kabad yanzu kuma, na san kuɗi kika zuba, na san da ciwo. Kada ki buɗe, kada ki ba kaji ko almajiri. Ki ƙulle su a leda, ki sa a haƙa rami mai zurfi inda yara da dabbobi ba za su tono ba, a binne su yau.