Ba a taɓa jefa ƙasusuwan Sarki Richard na 3 a kogi ba

Shekaru ɗaruruwa mutanen Leicester a Ingila suna cewa wai da aka rushe gidan limaman Kirista na Greyfriars a 1538, zamanin Sarki Henry na 8, sai 'yan gari suka tono Sarki Richard na 3 daga kabarinsa da ke can suka watsa shi a kogin Soar. Sam ba haka ba ne. Mutumin yana nan kwance inda aka binne shi tun 1485 bayan an kashe shi a yaƙin Bosworth, filin ne kawai ya yi ta canza hannu. Robert Herrick, wanda ya taɓa zama magajin garin, ya saye shi ya gina gida da lambu, har a 1612 akwai ginshiƙin dutse a lambun da ke nuna kabarin, amma duk da haka jita-jitar ta fi ƙarfi, abin takaici wallahi. Daga baya aka yanka filin, aka yi titi, makaranta, ofisoshin hukuma, ƙarshe wurin fakin ɗin motoci.

A 2012 masanan Jami'ar Leicester suka fasa kwaltar suka same shi, ƙashin bayansa a karkace, ƙafafun babu, ana kyautata zaton wani gini na ƙarni na 19 ne ya datse su. An sake binne shi a babban cocin garin a 2015.