Waiwaye: Matsayin Fasaha a Halittar Ɗan Adam

Muhawarar da ake yi a yau kan wayar hannu da ƙirƙirarriyar basira, wato ko fasaha baƙuwa ce da ke gurɓata ɗan Adam ko kuwa ɓangare ce ta halittarsa, ta girmi wutar lantarki da ƙarnoni masu yawa. Wajen shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafar Girka Aflatun ya kawo labarin Tamus, sarkin Masar, wanda aka gabatar wa fasahar rubutu sai ya ƙi yaba ta, domin a ganinsa mutane za su dogara da ita su watsar da hadda, su ɗauki kamannin masana alhali zukatansu wayam.

Masanin tarihi Ibn Khaldun, a cikin littafinsa Muƙaddima na shekarar 1377, ya kalli lamarin ta wata fuska. Dabbobi an ba su ƙaho da farce da fata mai kauri, shi kuwa mutum an ba shi tunani da hannu, kuma da su ne ya ƙera mashi a madadin ƙaho, takobi a madadin farce, garkuwa a madadin fata. A wannan fahimta, wadda ni ma na fi karkata gare ta, sana'a cikon halittar mutum ce, kuma raba shi da kayan aikinsa daidai yake da raba zaki da faratansa. Shekaru 500 bayan haka, a 1877, Bajamushe Ernst Kapp ya faɗaɗa wannan tunani, inda ya ce guduma kwaikwayon dunƙulen hannu ce, wayar tangarahu kuma kwaikwayon jijiyoyin jiki.

Ƙarni na 20, da yaƙoƙinsa da manyan masana'antunsa, ya farfaɗo da fargabar Tamus. A 1954 masanin falsafa Bajamushe Martin Heidegger ya yi gargaɗin cewa fasahar zamani tana koya wa mutum kallon komai a matsayin ajiyar da ake jiran a ɗiba, har kogin Rain da ya ratsa Jamus ya koma abin juya injin lantarki kawai, kuma shi kansa mutumin bai tsira daga wannan kallo ba.

A 1998 masana falsafa Andy Clark da David Chalmers sun kafa hujja da misalin mai ciwon mantuwa wanda ke rubuta komai a ɗan littafinsa, suka ce littafin ya zama sashen tunaninsa. Idan hujjarsu ta tabbata, tambaya mai nauyi ta taso game da wayar da ke aljihun mutum, domin littafin nan mallakar mai shi ne, ita kuwa wayar kamfanoni ne ke tsara abin da take nuna masa.