Gudumar iska ta haƙar bohol

Gudumar iska, wadda masu haƙa ke ce wa hama, wani dogon ƙarfe ne mai kama da faif da ake ɗaurawa a ƙarshen rodin haƙa. A cikinsa akwai fistan da iskar kwamfireso ke turawa sama da ƙasa, yana dukan bakin haƙa sama da sau dubu a minti ɗaya. Da ita ake fasa dutse a yawancin bohol ɗin da ake yi a Jos da Abuja yanzu.

Da can ɗaga ƙarfe mai nauyi ake yi da igiya a sake shi ya faɗa rami, haka Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Amurka a 1859. A 1861 injiniya Germain Sommeiller ya fara fasa dutse da injin iska wajen haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya, daga baya John Leyner ya kawo rodi mai rami a tsakiya don ruwa ya bi ya wanke gari ya kwantar da ƙura. Amma a injinan iska irin na Leyner gudumar tana sama ne, tana dukan rodi rodin kuma ya kai dukan ƙasa, to duk inda aka haɗa rodi da rodi sai ƙarfin ya ragu, ramin na yin zurfi aikin na yin sanyi ga shi kuma yana karkacewa.

Gyaran ya zo ne a shekarun 1950, lokacin da André Stenuick a Beljiyam da kamfanin Ingersoll Rand a Amurka suka sauke gudumar kanta zuwa gindin ramin. Wannan dabara gaskiya ta cancanci yabo. Ko a mita goma ko a mita ɗari dukan kai tsaye yake sauka kan dutse, injin da ke sama aikinsa kawai ya riƙa juya rodi a hankali yana dannawa, iskar da ta gama tura fistan kuma ita ce ke fita ta ƙofofin bakin ta kwaso garin dutse zuwa waje. Bakin yana da ƙurajen ƙarfe masu tsananin tauri da aka dasa masa, in suka daƙushe sai a wasa su.

Abin da ya sa ta karɓu a nan shi ne ƙasar. Jos da Abuja a kan dutsen giranit da danginsa suke, ruwan kuma yana maƙale ne a tsagogin dutse da wurin da ya ruɓe, ba kamar Maiduguri ba inda yashi da yumɓu ne, ana haƙa da baki mai juyawa da ruwan laka. A Jos da Abuja sai a wuce ƙasar sama, a sa kesin, wato faif mai riƙe bangon ramin, don kar ta rufta, sannan hama ta shiga. Mai lura zai ga farar ƙura busasshiya tana tashi har ta rufe motar, in an kusa sai garin ya yi duhu ya fara dunƙulewa a hannu, can sai taɓo, sai ruwa ya yi tsiri.

Tana da nata matsalolin. Kwamfireson yana shan gas sosai, shi ya sa kuɗin haƙa ke bin farashin mai, kuma dole a riƙa zuba wa iskar man shafawa in ba haka ba fistan ya ci kansa. Idan ruwa ya yi yawa a ramin yana danne iskar, dukan ya yi rauni. Sannan hama ba ta nemo ruwa, wanda ya ƙi biyan kuɗin safiyo, wato binciken inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, yana iya samun busasshen rami mai kyau. Abin da ya fi damuwa shi ne ƙurar, garin giranit yana taruwa a huhu ya jawo ciwon da ba ya warkewa, amma sau da yawa za ka ga yaran da ke canza rodi ƙyalle kawai suka ɗaura a hanci, alhali ana iya cusa ruwa kaɗan cikin iskar ƙurar ta kwanta tun daga cikin ramin.