Farautar talotalon daji a Amurka: tsakanin zuba tsaba da shuka gona

A Amurka maharba na jawo talotalon daji ta hanyoyi biyu da suka yi kama da juna, amma doka ta raba su. Ta farko ita ce zuba tsaba, yawanci masara, a wuri guda, maharbi ya laɓe yana jira. Ta biyu ita ce shuka 'yar gona a cikin daji domin tsuntsayen su riƙa kiwo. Yawancin jihohi sun haramta harbi a kan tsaba, sun halatta shi a gonar da aka shuka.

Tarihi

Ƙyamar tsaba ta samo asali daga ɓarnar masu farauta don sayarwa a ƙarni na 19. Sukan gina keji da gumagumai, su haƙa rami ta ƙarƙashinsa, su bi ramin da masara. Talotalo ya bi tsaba kansa a sunkuye har ya shige, in ya ɗago kai sai ya yi ta neman mafita ta sama, ba ya komawa ta ramin. Haka ake kwashe garke guda. Wannan da sare dazuzzuka suka kusa ƙarar da tsuntsun. Ana yawan cewa wajen 1930 saura kimanin 30,000, ko da yake wasu masana na ganin sun fi haka sosai.

Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa da abokansa a 1887, ita ta yayata ƙa'idar farautar adalci, wato a bar wa dabba damar tsira. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta ware harajin bindiga da harsashi don raya namun daji. An fara da sakin talotalon da aka ƙyanƙyashe a gida, bai yi ba, domin ba su iya zaman daji. Nasara ta zo wajen 1951 a dajin Francis Marion na Karolina ta Kudu, inda aka kama na daji da ragar da ake harbawa, aka kai su wuraren da suka ƙare. Abin lura, da masara ake tara su a gaban ragar. A 1973 aka kafa ƙungiyar kare talotalon daji ta ƙasa, NWTF, kuma zuwa farkon shekarun 2000 yawansu ya kai kusan miliyan 7.

Doka

Talotalo ba ya cikin tsuntsaye masu ƙaura da dokar tarayya ke kula da su, don haka kowace jiha da dokarta. Texas da Kansas sun sassauta kan zuba tsaba a filayen masu zaman kansu. A Missouri ana ɗaukar wuri a matsayin mai tsaba har kwana 10 bayan an kwashe ta, a Pennsylvania kwana 30.

Gonar kiwo

Akan shuka ciyawar kuloba, alkama, dawa ko gero. A jihohin kudu maso gabas, wadda ta fi suna ita ce aya, irin wadda ake kunu da ita a ƙasar Hausa. Talotalo na tone ta da ƙafa har fili ya koma kamar an yi kaftu. Masu goyon bayan gona na cewa tana da faɗi, maharbi bai san ta inda tsuntsu zai ɓullo ba, kuma tana tara ƙwarin da 'yan tsaki ke rayuwa a kansu, ko an rufe farauta.

Illar tsaba

Tsibin masara na cunkusa tsuntsaye wuri ɗaya, cuta ta yaɗu, dabbobi masu cin ƙwai su ma su samu matattara. In ta jiƙe ta yi funfuna tana iya ɗaukar gubar afulatoksin, wadda talotalo ba ya jure ta. Ita ce ta kashe talotalon gida kusan 100,000 a Ingila a 1960, ta cikin garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil.

Saɓani

Masu kare tsaba na cewa gona ma koto ce, bambancin kawai mai ita yana da fili da tarakta, wanda ba shi da su kuwa buhun masara yake iya saya. Wasu tsofaffin maharba ba su yarda da ko ɗaya ba. A wurinsu farautar talotalo ita ce kwaikwayon kukan mace da bazara, har namiji ya amsa ya tako da ƙafarsa.