Waiwaye: Inda jabun kayan lantarki suka samu ƙofar shiga makaman Amurka

Ce-ce-ku-cen da ake yi kan jabun kaya a kwangilolin makamai na Amurka ba yau ya fara ba. Tun zamanin yaƙin basasarsu 'yan kwangila ke kai wa soja dawakai marasa lafiya da bindigogin da ba sa tashi, abin da ya haifar da dokar hukunta ha'incin kwangila ta 1863. A 1986 aka ƙara mata ƙarfi, mai tonon asiri ya riƙa samun kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1994, lokacin da aka sassauta sharaɗin cewa sai an ƙera kaya bisa ƙa'idar soja, aka karkata ga sayen na kasuwa. Akwai hujja a lokacin: na kasuwa ya fi araha, ya fi saurin ci gaba. Sai dai jirgin yaƙi kan yi shekara 30 zuwa 40 yana aiki, alhali ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa kan ɓace daga kasuwa cikin 'yan shekaru. Idan masana'anta ta daina ƙera su, mai gyara sai ya koma wurin dillalai.

Nan ɓarnar take. Ga yadda masu jabu ke yi: a gasa tsohon allon kwamfuta, a karkaɗe ƙwayoyin, a kankare rubutun da ke kansu, a shafa baƙin shafi, a buga sabuwar lamba da kwanan wata. Ƙwayar da aka yi don zafin digiri 0 zuwa 70 a ma'aunin Celsius sai ta fito da shaidar ta soja mai jure 55 ƙasa da sifiri har 125. A ɗakin gwaji lafiya lau take, sai jirgi ya ɗaga sama ta nuna halinta. Gano ta na buƙatar goga sinadari a bayanta, ɗaukar hoton cikinta, wani lokaci har a fasa ta.

Janye kaya ma da lamba ake yi. Masana'anta kan sanar da rukunin da ke da lahani, amma ƙwayar da aka sauya wa lamba wace sanarwa za ta same ta? Binciken majalisar dattawan Amurka na 2012 ya gano matsalar jabun kayan lantarki sau kusan 1,800, da ta shafi ƙwayoyi sama da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne.

Ƙasar da ta sayi makaman Amurka ta hanyar cinikin gwamnati da gwamnati, irin yadda Najeriya ta sayi jiragen Super Tucano 12, ba ita ke ƙulla kwangila da masana'anta ba, gwamnatin Amurka ce ke yi a madadinta. Ƙorafin lahani kuwa galibi shekara ɗaya ake ba shi, ga shi kayan gyara kan daɗe a rumbu kafin a buɗe su.