Waiwaye: Yadda kotun cinikin duniya ta rasa alƙalanta

Da can, ƙasar da aka toshe wa kayanta ba ta da inda za ta kai kuka, sai dai ta rama. Da Amurka ta tsawwala harajin shigo da kaya a 1930, wasu ƙasashe suka mayar mata da martani, ciniki ya durƙushe. Wannan ɗaci na cikin abin da ya sa ƙasashe 23 suka sa hannu kan yarjejeniyar haraji da ciniki ta GATT a Janiba a 1947.

GATT ta tanadi zaman sulhu, daga baya aka riƙa kafa kwamitin ƙwararru ya saurari ƙorafi. Sai dai hukuncinsa ba ya aiki sai kowa ya amince, har da ƙasar da ta sha kaye. Wato wanda ake ƙara shi ke riƙe da makullin kotu.

Gyaran ya zo da kafuwar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995. Aka juya ƙa'idar: hukunci ya zauna, sai in kowa ya ƙi shi. Ana fara tattaunawa ta kwana 60. In ta ci tura, kwamitin mutum uku ya zauna, sannan akwai kotun ɗaukaka ƙara mai alƙalai bakwai. Ƙasar da ta yi kunnen ƙashi, ana ba mai ƙara izinin ramuwa da haraji.

Kuma tsarin ya yi aiki, wannan ba abin rainawa ba ne. A 1996 Benezuwela da Burazil suka kayar da Amurka kan man fetur. Burazil ta sake yin nasara kan tallafin manoman auduga, har Amurka ta amince da biyan dala miliyan 300 a 2014. Rauninsa yana wajen ramuwa: an ba Antigua da Barbuda izinin rama dala miliyan 21 a shekara kan Amurka, amma yaya ƙaramin tsibiri zai ciji kasuwar da yake dogaro da ita?

Amurka ta daɗe tana zargin alƙalan kotun ɗaukaka ƙarar da wuce gona da iri, ta kuma hana naɗa sababbi. A Disambar 2019 aka rasa ukun da ake buƙata don zama. Yanzu wadda ta sha kaye tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa, magana ta mutu a nan. Tarayyar Turai da Sin da wasu sun kafa tsarin ɗaukaka ƙara na wucin gadi a 2020, ba da Amurka ba. A 2022 ministocin ƙasashen WTO suka yi alkawarin gyara kafin ƙarshen 2024. Wa'adin ya wuce kujerun nan bakwai na nan wayam.